Daga Kwal Zuwa Iskar Gas: Darasin Birnin Beijing



A watan Maris na 2017 aka kashe injinan kwal na tashar Huaneng, ta ƙarshe cikin manyan tashoshi huɗu masu ƙona kwal da ke ba birnin Beijing lantarki da ɗumin gidaje a lokacin sanyi. An rufe ta Gaojing a 2014, biyu suka bi baya a 2015, aka maye gurbinsu da tashoshin gas.

Kafin kwal ya shiga tukunyar tururi sai an niƙe shi ya yi laushi kamar garin tuwo, a hura shi cikin wuta. Abin da ya rage toka ce tuli, da hayaƙi mai farar wuta da ke cin huhu. Gas kuwa ba ya barin toka, farar wutarsa kaɗan ce ƙwarai, iskar kabon da yake fitarwa kuma kusan rabin ta kwal ce. A tashar zamani gas yakan juya injin farko, zafin da ya fita ya dafa ruwa, tururin ya juya na biyu, har kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin makamashin ya zama lantarki.

Jama'a sun gani a ƙasa. Ma'aunin ƙurar nan mai laushi da ake kira PM2.5 a iskar birnin ya sauko daga 89.5 a 2013 zuwa 58 a 2017, sakamakon wannan mataki haɗe da wasu, kamar rufe masana'antu masu gurɓata iska.

Sai dai hunturun 2017 ya tona wani rauni. An yi gaggawar raba gidaje da masana'antu da kwal a lardin Hebei mai maƙwabtaka da Beijing tun gas bai wadata ba. Farashi ya tashi, yara suka sha sanyi a makarantu. A Disamba hukuma ta ba da izinin komawa kwal inda gas bai iso ba. Kwal ana jibge shi a fili ya yi makonni, amma tashar gas ranta na hannun bututu. In ya tsaya, ta tsaya. Haka nan bututun da ke yoyo yana sakin iskar methane, wadda ta fi kabon ɗumama duniya nesa ba kusa ba.

Mu ma a Najeriya muna dakon bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614. Masu masana'antu a Sharaɗa, Bompai da Challawa a Kano, waɗanda tsadar man dizal ta durƙusar, su tambayi abu uku kafin su zuba jari a injin gas: wa zai kawo shi, a kan nawa, kuma me za a kunna ranar da ya yanke. A ajiye tsohon inji a matsayin ko-ta-kwana har bututu ya nuna amincinsa, a kuma horar da ma'aikatan da ke nan su riƙe sabon.