Takunkumin Yadi: Gyara Yana Hannun Maɗinki

Shugaban taro, malamai, ma'aikatan lafiya, da 'yan uwana maɗinka maza da mata da suka bar keke suka zo, ina yi muku barka da zuwa.

An tabbatar da shigowar cutar korona Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, kuma kafin a ankara kowane tela ya koma ɗinkin takunkumi. An ɗinka shi cikin gaggawa, awo ɗaya ga yaro da babba, kuma har yau haka ake ɗinka shi. Alhali buƙatarsa ba ta tafi da korona ba. Duk shekara iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi ta sauke mana, ga ɗan acaɓa da mai shara da mai injin niƙa suna wuni cikin ƙura.

Ranar 5 ga Yuni, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi takunkumin yadi hawa uku: na ciki auduga mai shan gumi, na tsakiya ƙyallen tacewa wanda ba saƙa shi aka yi ba, na waje yadin roba da ba ya shan ruwa. Wannan an ji shi. Abin da ba a ji ba shi ne, iska ba ta bin hanya mai wuya. In ta sami rata a gefen hanci ko a kunci, ta nan za ta shiga, hawa ukun nan kuwa ba su yi aikin komai ba. A Fabrairun 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi gwaji da mutum-mutumi: da aka ɗaure igiyar takunkumin asibiti a gindinta aka cusa gefunan ciki, ko aka ɗora na yadi a kansa, abin da ke isa ga mai shaƙa ya ragu da kusan kashi 95 cikin ɗari, idan mai fitar da numfashin da mai shaƙar duka sun yi hakan. Ba a sauya yadi ba, rata aka toshe.

Saboda haka karan hanci ne wurin da ya fi cancantar lokacinku. A ɗinka 'yar aljihu a bakin sama, a zura waya mai lanƙwasuwa, a naɗe bakinta kada ta soki mutum, a kuma bar kafar da za a zare ta lokacin wanki. Mai tabarau shi ne alƙalinku: in gilashinsa ya yi hazo, numfashi yana fita ta sama ne. A ƙasa kuma yadin ya zagaye haɓa, yadda in mutum ya yi hamma ba zai zame ba. A tsakiya a ba shi ɗan tudu, don yadi ya daina manne wa leɓe. Da yawan masu cewa takunkumi yana shaƙe su, wannan mannewar ce ke damunsu.

Sai maganar kunne, wadda ni a ganina ita ta fi korar mutane. Siririyar roba tana cin bayan kunne, kafin azahar mutum ya sauke takunkumin zuwa haɓa, inda ba ya tsare kowa. Ku yanka igiya mai faɗi daga yadin singileti, ko ku yi mai ɗauri biyu a ƙeya da wuya. Mai ɗauri biyun ya fi dacewa da iyayenmu mata, domin mai hijabi za ta ɗaura shi a kan hijabinta ba tare da ta tuɓe ba. Mai gemu ma ɗaurin ƙeya ya fi riƙe masa, a kuma ƙara masa tsawo.

Shadda da atamfa suna da kyau a ido, amma sabuwar da ba a wanke ba tana da tauri, tana kuma sa ƙaiƙayi. A wanke yadi kafin a yanka, domin auduga tana shiga bayan wankin farko. Kada a sa wa takunkumi ƙofar fitar da numfashi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana. A wanke shi kullum da sabulu da ruwan zafi, in ya jiƙe a sauya. Yaron da bai wuce shekara 5 ba kuwa, ba a tilasta masa.

Dole in faɗa a fili: takunkumin yadi bai kai N95 ba, kuma mai jinyar mai tarin fuka kada ya dogara da shi.

Ba wanda ke ɗinka wa mutum hula bai auna kansa ba. Don haka roƙona gare ku, maɗinka, ku fitar da awo uku aƙalla, na yaro da matsakaici da babba, ku auna daga karan hanci zuwa ƙarƙashin haɓa. Ku kuma masu saye, ku saka shi a gaban tela, ku yi magana, ku hura iska. In kun ji tana fita ta gefe, ku ce a gyara kafin ku biya.