Jawabi Kan Gyambon Gaba Da Ya Ƙi Warkewa

Mai girma Sarkin Hausawa, malamai, dattawa da 'yan'uwa 'yan kasuwa, a gafarce mu, maganar yau tana da nauyi a baki. Magana ce kan sankarar mazakuta, wato ciwon daji na gaban namiji.

Ciwon ba shi da yawa, kuma kaciyar da ake mana tun muna yara tana rage shi ƙwarai. Amma fa mai kaciya ma yakan kamu, musamman in ya haura shekara 50 ko yana shan taba.

Inda muke cutar kanmu, da mun ga ƙurji a wurin sai mu ce ai sanyi ne, mu lallaɓa kemis bayan isha'i. A ba mu kafso, ko wani ruwa mai ƙuna a ce mu ɗiga. Ruwan nan yakan cinye lafiyayyar fata, ya bar tabo, har ya tsuke ƙofar fitsari, ciwon kuwa yana nan yana ci.

Likita kansa ba ya yanke hukunci da ido. Sai ya kashe wurin da allura, ya gutsiri 'yar tsoka a kai ɗakin gwaji, ya lalubi matsematsi ko akwai kaluluwa. In an gano da wuri, man shafawa ko ƙaramin aiki yakan wadatar. In aka makara, sai an yanke wani sashe, ko ma duka.

Saboda haka, gyambon da ya kai mako 4 bai warke ba, ko yake jini ko wari, a kai shi babban asibiti irin UCH nan Ibadan, a nemi likitan mafitsara.