Kafin a Ɗaure Kaya: Ina Za Mu Kai Yaranmu?

 

An ba mu wannan kan magana ne saboda abin da kowa yake gani. A ƙananan ikilisiyoyinmu, daga nan Zagga har bakin iyaka, bencin makarantar Lahadi yana raguwa. Bayan kowane girbi sai mu ji iyali kaza sun tashi. Galibi kuwa masu ƙananan yara ne, masu ƙarfin noma, waɗanda muke sa zuciya su karɓe mu. Dalilansu ba a ɓoye suke ba. An rufe iyaka a Agusta 2019, kasuwancin Lolo da Tsamiya ya kwanta. A daminar 2020 ruwa ya ci shinkafar jihar Kebbi, wanda ya ci bashi ya noma ya tashi ba shinkafa, ga bashi. A Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, mai noman rani ya ga kuɗin man injin ban ruwa ya ninka. Sai ga labarin Lakurawa, tun harin Mera a ƙaramar hukumar Augie cikin Nuwamba 2024. Saurayin da ya ce zai tashi, ba hauka yake yi ba.

Saboda haka ba mu zo mu ce kada kowa ya tashi ba. Mutanen bakin Kwara sun san ƙaura tun da. Lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an tashi mutum fiye da 40,000 daga garuruwansu, tsohuwar Busa ta nutse, aka gina sabuwa. Su ba a tambaye su ko suna so ba. Mu kuwa, yawancinmu muna da sauran lokacin tunani, kuma abin da muke roƙo shi ne a yi amfani da shi.

A Farawa sura 33, bayan Yakubu ya sadu da wansa Isuwa, Isuwa ya nemi su kama hanya tare. Yakubu ya ƙi. Hujjarsa ita ce yaran ƙanana ne, dabbobin kuma suna shayarwa, in aka matsa musu yini ɗaya za a yi hasara. Shi zai biyo a hankali daidai ƙafar yara. Isuwa yana da jarumawa 400, tafiya da shi ta fi tsaro a ido. Amma Yakubu ya auna tafiyar da mafi rauni a cikin ayarin. Wannan ne ma'aunin da muke so kowane maigida ya riƙe. Wurin da ya yi wa maigida kyau ba lalle ya yi wa goyon wata shida kyau ba. Namiji zai iya kwana a rumfa, ya sha ruwan rafi, ya ce lafiya lau. Tambayar ita ce: mai ciki fa? Yaron da ke aji uku fa?

Mun lura yawancin shawarar ƙaura a bakin kasuwa ake yanke ta. Wani ya dawo daga ƙetare da sabon babur, ya ce ƙasa tana nan baƙa wuluk, masara buhu kaza ba taki. Daga nan magana ta ƙare. Haka Lutu ya yi a Farawa 13: ya ɗaga ido ya ga kwarin Urdun da ruwa da ciyawa, ya zaɓa. Bai tambayi halin mutanen Saduma ba. Gonar kuwa ba ta yi masa ƙarya ba, ta yi albarka. Abin da ya rasa iyalinsa ne.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mu za mu ƙara da cewa a je gani da damina. Da rani kowace tunga tana da hanya, babur yana kaiwa ko'ina. A koma a Agusta a gani. Rafi nawa ne tsakanin tungar da asibiti mafi kusa? In naƙuda ta zo da tsakar dare ruwa ya cika, da me za a fita? In kwalekwale ne, na wa, kuma yana kwana a wane gefe? Mu da muke zaune a bakin kogi mun san yakan cika sau biyu: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa da ke saukowa daga ƙasashen Gini da Mali cikin hunturu. Baƙo yakan ga fili mai kyau kusa da fadama babu kowa a kai, ya yi murna. Ya tambayi tsofaffin wurin me ya sa ba su gina a can ba. Ruwa ba ya tsami banza. Kuma iyaye mata su je ganin nan da kansu. Mace ce za ta tambayi nisan rijiya, da inda ake allurar rigakafi, da inda ake niƙa. Maigida sau da yawa ba ya tuna waɗannan sai an sauke kaya.

Bari mu daɗe kaɗan a kan Jamhuriyar Benin, wadda tsofaffinmu har yau suke kira Dahome ko da yake an sake mata suna tun 1975, domin can ne idon matasanmu ya fi karkata. Ba abin mamaki ba ne. Daga Tsamiya Segbana ba nisa, daga Lolo kuma ga Madekali da Malanbil. Dangi ɗaya ne a gefe biyu, Bokawa da Dandawa da Fulani, aure yana ƙetare iyaka, sefa kuma tana da nauyi a kan naira. Akwai 'yan'uwa masu bi a can: ikilisiyoyin UEEB sun fito ne daga aikin mishan na SIM, kamar yadda ECWA ta fito a nan, kuma suna da asibiti a Bembereke. Duk wannan gaskiya ne.

Amma ƙasa ce dabam da dokarta. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mutum izinin shiga ya zauna kwana 90 ba biza. Zama na dindindin yana bukatar takarda. Dokar filaye ta Benin ta 2013 ba ta ba baƙo damar mallakar gonar karkara ba, sai aro ko haya. Ma'anarsa, ka sare daji, ka cire kututture, ka shekara uku kana gyara, ranar da mai ƙasa ya ce yana son abinsa ba ka da bakin magana. Ko itace ba a yarda mai aro ya dasa ba, kamar yadda yake a al'adarmu ma. Sa'an nan makaranta. A can da Faransanci ake karatu. Yaro ɗan shekara biyar zai kama kamar wasa. Amma ɗan shekara goma sha ɗaya da ya kusa gama firamare a nan, za a mai da shi cikin ƙannensa, kunya ta kama shi, ya bar zuwa, ya bi uban gonar auduga. In bayan shekara huɗu aka dawo gida, ba Turanci ba Faransanci. Irin wannan yaro shi ya biya kuɗin babur ɗin da uban ya saya. Wanda zai ƙetara da yara, ya yanke tun farko: ko dai zama ne na gaske, yara su yi karatun can har ƙarshe, ko kuwa manyan su zauna a nan wurin dangi su gama.

Kada kuma a ce can babu tashin hankali. A jihar Alibori, inda Segbana da Kandi da Malanbil suke, 'yan bindiga sun kashe sojojin Benin 28 a Janairu 2025, a Afrilu 2025 kuma gwamnatinsu da kanta ta ce an kashe 54 a wajen gandun dajin da ake kira W. Haka nan kudu da mu. An kwashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yuni 2021. A Nuwamba 2025 aka ɗauki 'yan mata a makarantar Maga, cikin mako guda kuma aka kwashe yara fiye da 200 a makarantar Katolika ta Papiri, ƙaramar hukumar Agwara. Ba don mu tsorata kowa muke ambaton waɗannan ba. Wasu sukan ce bincike rashin bangaskiya ne, Allah zai tsare. To, a Matiyu sura 2, da Yusufu zai dawo da Maryamu da ɗan yaron daga Masar, ya ji labari Arkilayus ɗan Hirudus ne ke mulkin Yahudiya, ya ji tsoro, aka kuma gargaɗe shi, ya juya zuwa Nazarat ta Galili. Mutumin da mala'ika ke yi wa magana ma ya saurari labarin wanda ke sarauta. Ƙasa mai arha a bakin babban daji, a tambayi dalilin arharta.

Birni kuwa, Birnin Kebbi ko Yawuri ko Kwantagora ko gefen Abuja, ba za mu ja magana ba. Akwai asibiti, akwai makaranta, akwai majami'u. Amma a birni hatsi da itace da ruwa duk saye ne, kuɗin haya kuma na shekara ake nema gaba ɗaya. Mai sana'a a hannu, tela ko makaniki ko malamar asibiti, zai iya. Wanda fartanya kaɗai ya sani ya lissafa sau biyu, don hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Yanzu ga abin da ya shafe mu musamman, mu da muke 'yan kaɗan a duk inda muke. Akwai tambayoyin da maƙwabcinmu Musulmi ba ya bukatar yi, domin duk ƙauyen da ya sauka zai tarar da masallaci da makarantar allo. Mu dole mu yi su. Akwai masu bi a wurin? Ba muna nufin gini mai kwano ba. Ko gida biyu ne masu taruwa a gindin itace ranar Lahadi, ya isa a fara. In babu ko ɗaya, tafiyar awa nawa ce zuwa sujada, kuma mace mai goyo za ta iya yinta kowane mako? A makarantar garin akwai mai koyar da darasin addinin Kirista? In babu, wa zai koya wa yaran, uban da ke dawowa daga gona a gajiye? Sa'an nan tambayar da ba mai son yi: in aka yi rasuwa, ina ake binne masu bi? Mun san nauyinta. Amma gara a yi ta ga mai gari ana raha, da a yi ta da gawar yaro a hannu. Elimelek ya tafi Mowab da niyyar ɗan zama kaɗan saboda yunwa, aka shekara wajen goma, shi da 'ya'yansa biyu a can aka binne su.

A nan ne mai masauki yake da muhimmanci. Da yawa daga cikinmu Musulmi ne suka sauke iyayenmu, suka ba su gona, suka tsaya musu a gaban uban ƙasa, kuma zumuncin yana nan har jikoki. A nemi irin wannan mutum, dattijo mai mutunci, a gaya masa gaskiya tun ranar fari cewa mu masu bin Almasihu ne, za mu yi sujada ranar Lahadi. Wanda ya ɓoye addininsa don ya sami gona ya ɗaura wa 'ya'yansa kaya mai nauyi. A je a gai da mai gari kafin a kafa ko bukka.

Game da maigida ya tafi shi kaɗai ya bar iyali, ra'ayinmu shi ne: damina ɗaya, don gwaji, da ranar dawowa da aka faɗa a gaban dattawa. Cin rani mun gada, ba laifi ba ne. Amma cin ranin da ya shekara uku ya zama wani abu dabam, kuma mu fastoci mun san irin ƙarar da takan biyo baya.

Dattawa, saura ku, wato saura mu. Yana da zafi mutum ya ga wanda ya yi wa baftisma, ya ɗaura wa aure, yana ɗaure kaya. Wani lokaci mukan tsawata musu, a bakinmu muna cewa don yaran ne, a zuciya kuwa muna lissafin baiko da wanda zai buga ganga. Sakamakon shi ne suna tashi da asuba ba sallama, ba wanda ya san inda suka sauka. Gara mu sallame su da hannu biyu. A ba su wasiƙa zuwa ga ikilisiyar da ke kusa da inda za su. A kira mai bisharar wurin a waya kafin su isa. A hana su sayar da gonar gado; a ba ɗan'uwa aro a gaban shaidu, a rubuta, domin mai komawa ya sami inda zai sa ƙafa. Zumuntar mata ta duba cewa kowane yaro yana da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, da katin rigakafi, da takardar canjin makaranta daga hedimasta. Manyan yara su yi lambar NIN tun suna nan, don tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da ita.

Muna roƙon magatakardan kowace ikilisiya ya buɗe littafi ya rubuta iyalan da suka tashi cikin shekara biyar da suka wuce, da garin da suke, da sunayen yaransu, ya kawo a zama na gaba domin a raba ziyara. Waɗanda kuma suke shirin tashi bayan girbin bana, ku dakata bayan addu'ar rufewa. Dattawa za su zauna da ku a ɗakin makarantar Lahadi, miji da mata tare.