Fashin Aiki: Jawabin Magatakarda a Bikin Cikar Ƙungiya



An ce in yi magana kan fashin aiki, domin a teburin magatakarda babu ƙarar da ta kai ta yawa. Maigida ya zo ya ce yaronsa bai fito ba ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, kaya sun kwana a mota. Yaron ya zo ya ce an yanke masa kuɗin wata bayan kuwa ciwo ya kwantar da shi. Kowa ya rantse, babu mai takarda.

Abin da nake roƙo shi ne littafi. Littafin ƴan makaranta ma ya isa. A rubuta suna, rana, dalili, da ko ya faɗa kafin lokaci. Bayan wata uku littafin da kansa zai nuna muku wanda ba ya fashi sai washegarin biya, da wanda sau ɗaya ya yi, ranar da aka yi masa rasuwa. Waɗannan biyun bai kamata hukuncinsu ya zama ɗaya ba.

Akwai fashin da duk mun san yana tafe. Da ruwan shuka ya sauka, yaranmu na ƙauye za su tafi gona, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Agusta da Satumba kuma zazzaɓin cizon sauro ne. To me ya hana mu zauna da su tun watan Mayu a raba kwanaki, wannan ya je ya dawo, wancan ya bi? Ya fi a wayi gari shago babu kowa.

Direba ko yaron mota da aka tsare da kaya a Ɗan Isa wajen ƴan duwan, wannan yana bakin aiki, kada a rubuta masa fashi. Layin waya ma yakan ɗauke idan an ƙetara iyaka, saboda haka a saya masa layin ƙasashen biyu kafin a zarge shi da ƙin kira.

Hukuma ma ba ta bar zancen ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci har kwana 12 na jinya da albashi a shekara idan ya kawo takardar likita. Ta Nijar ta ba shi hutun kwana biyu da rabi kan kowane watan aiki. Da yawanmu da baki muke ɗaukar yara, amma ranar da magana ta kai gaban hukuma, waɗannan za a duba.

Mai son ganin yadda ake jan layukan littafin ya same ni a ofis bayan La'asar.