Kogin Kano: Ruwan Noma Ne Kaɗai, Ko Iyali Ma Na Da Rabo?

(Laccar da aka gabatar a zauren taron ɗalibai)



Muna godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama da suka ba mu damar tsayawa a gabanku. Abin da za mu yi magana a kansa shi ne yawon shaƙatawa a kan ruwa, wato mutum ya ɗauki iyalinsa, ƙanana da manya, waɗanda ba su taɓa riƙe filafili ba, su shiga jirgi su gangara kogi don kallon ƙasa da samun nishaɗi. Mun san a cikinku akwai wanda tuni ya ce a ransa wannan zancen Turawa ne da masu ƙoshi. To, muna roƙon a yi mana haƙuri a saurara, domin cikin wannan zance akwai batun sana'a, akwai batun lafiya, akwai kuma batun rayukan yara.

Bari mu fara da inda abin ya yi suna. A Amurka akwai wani makeken kwazazzabo da ake kira Giran Kanyon, wanda kogin Kolorado ya haƙa cikin duwatsu, tsawonsa kilomita 446, zurfinsa a wasu wurare ya wuce kilomita ɗaya da rabi. A shekarar 1869 wani tsohon soja mai hannu ɗaya, John Wesley Powell, ya ratsa shi da mutanensa cikin jiragen katako, suka sha baƙar wuya har wasu daga cikinsu suka bar tafiyar. Yau kuwa dubban mutane ne ke bin wannan hanya kowace shekara cikin jiragen roba da ake hura wa iska. A nan Afirka ma, tun 1981 ake irin wannan sana'a a kogin Zambezi, ƙasa da mafaɗar ruwan Biktoriya, ana kuma yin ta a garin Jinja na ƙasar Yuganda, inda kogin Nilu ya baro tafki.

Masu wannan sana'a sun kasa koguna mataki shida bisa ga ƙarfin ruwansu. Mataki na ɗaya shi ne ruwa mai tafiya a hankali, wanda ko yaro aka sa a jirgi ba abin da zai firgita shi. Na biyu yana da 'yar igiya da duwatsu jefi-jefi waɗanda matuƙi ke iya kauce wa ba tare da wahala ba. Daga na uku zuwa na biyar sai gwanaye, na shida kuwa sai wanda ya sayar da ransa. Yawon iyali ba ya wuce mataki na ɗaya da na biyu. Wannan shi ya kawo mu gida, domin ruwan da iyali ke bukata ba mai hauka ba ne, irin namu ne.

Kada mu yaudari kanmu, ƙasar Kura da Bunkure shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, babu kwazazzabon da za mu gwada da na Amurka. Mai son duwatsu sai ya nausa kudu, wajen Rano da Tiga, ko ya ƙara gaba zuwa dajin Falgore da tsaunukan Riruwai. Amma abin da ƙasarmu ta rasa na duwatsu ta samu na ruwa, kuma ruwan nan yana da tarihi. Marigayi Audu Bako, Gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ne ya ɗauki gina madatsun ruwa da muhimmanci. An gina ta Bagauda a 1970, sa'an nan daga 1971 zuwa 1974 aka datse Kogin Kano a Tiga, kimanin kilomita 70 kudu da birni. Tafkin da ya taru a bayan wannan madatsa faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 178. Daga can babbar hanyar ruwa ta ɗauko shi ta zuba a Ruwan Kanya, daga nan ya rarrabu zuwa gonakin Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda kula da wannan aiki ya koma hannunta. A 1992 kuma aka kammala madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye. Kogin Kano da na Challawa suna gamuwa a yankin Tamburawa, su zama kogi ɗaya ya wuce Wudil ya nufi Haɗeja.

Kafin a yi madatsa, kogunan nan na damina ne: su cika su yi ambaliya a watan Agusta, da rani kuwa sai yashi, a tona rijiya a tsakiyarsu. Yanzu ruwan da ke gangarowa da rani yana bin yadda ma'aikata suka buɗe ƙofa ne a Tiga. Haka abin yake a kogin Kolorado ma, inda madatsar Gilen Kanyon ke tsara ruwan da matuƙa ke tafiya a kai, kuma ba mai sa jirgi a ruwa sai ya san yawan abin da za a saki a ranar. A kula da wannan, za mu komo gare shi.

Haƙiƙa waɗanda suka gina Tiga da Bagauda ba su manta da shaƙatawa ba. Sun gina masauki a kan dutse a Tiga, sun gina wani a bakin tafkin Bagauda, har iyayenmu kan ba da labarin yadda ake fita can yawon salla. Masaukin Bagauda a yau reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ne. Ba mu ce wannan mugun abu ba ne (akwai masu karatun shari'a a zauren nan, kada su tsare mu a waje), amma yana nuna yadda niyyar farko ta shiririce, aka bar wa ruwa aiki ɗaya tak, ban-ruwa.

To me iyali za su gani in sun shiga jirgi? Za su ga abincinsu tun yana gona. Yaron da aka haifa a birni, wanda ya san shinkafa a buhu da tumatir a kwando, zai ga yadda ake dashe, ya ga alkama ta yi kore shar a tsakiyar hunturu, ya ga albasa, ya ga injin ban-ruwa na zuƙo kogi. Zai ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya yana dakon kifi, ya ga balbela na bin shanu, ya ga masunci na jefa birgi. Zai gane dalilin da ya sa manyan motoci ke layi a Kwanar Gafan suna lodin tumatir zuwa Legas. In an sauka a Kura kuma a kai shi karofi, ya ga inda sunan rawani ɗan Kura ya samo asali, wanda Buzaye ke saye tun kaka da kakanni. A ganinmu wannan darasi ne da ya fi awa uku na karatun labarin ƙasa a cikin aji.

Kuma kada a ce wasan ruwa baƙonmu ne. Wanda ya je Argungu ya san kabanci, inda ake tseren kwalekwale da ninƙaya da kamun agwagwa a kogin Matan Fada, a bikin da aka fara tun 1934. Masuntanmu sun daɗe suna hawa gora su ratsa ruwa. Kusan kowane gari na bakin kogi yana da Sarkin Ruwa, mutumin da ya san inda gurbi yake da inda ƙafa ke taɓa ƙasa, wanda in wani ya nutse shi ake kira. Abin da Bature ya ƙara a kan wannan sani ba wani sihiri ba ne, tsari ne kawai: ƙidayar fasinja, rigar kariya, da bayani kafin a tashi.

Jama'a, a nan maganar ta yi nauyi. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, da yamma, wani jirgi ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallake ruwan Watari zuwa Bagwai. Yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne, yara ƙanana, za su wajen Maulidi. Jirgin ya kife. Aƙalla gawa 29 aka tsamo, kuma abin da aka fi ɗora wa laifi shi ne lodin da ya wuce ƙima. A watan Mayu na wannan shekarar dai, wani jirgin ya dare a kogin Kwara kusa da Warra ta Jihar Kebbi, mutum fiye da 100 suka salwanta. Allah Ya jiƙansu. Wanda duk ya tsaya gaban jama'a yana kiran a kai yara kan ruwa, bai kuma ambaci Bagwai ba, bai yi gaskiya ba.

Wani zai ce, ashe ke nan gara a nisanci ruwa gaba ɗaya. Mu ba mu ga haka ba. Yaran Badau ba yawo suka fita ba, hanyarsu ke nan. Yaran Kura da Bunkure kuwa ko mun so ko mun ƙi suna cikin ruwa kullum, suna wanka, suna wanki, suna shayar da dabbobi. Abin da ke kashe mu shi ne muna zaune da ruwa ba mu koyi ladabinsa ba. Yawon da aka tsara, inda matuƙi zai ƙi ɗaukar mutum na tara in jirginsa na takwas ne, inda ba mai taka jirgi sai ya ɗaura rigar da ke hana nutsewa, makaranta ce. Yarinyar da ta saba da wannan riga a ranar nishaɗi, ita za ta tambaye ta ranar da za a tsallakar da ita biki.

Ladabin nan ba shi da yawa. Wanda ya faɗa ruwa mai gudu kada ya yi ƙoƙarin miƙewa tsaye, domin ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu ko saiwa ruwa ya danne shi. Ya kwanta rigingine, ƙafafunsa na fuskantar inda ruwa ya nufa, har a miƙo masa igiya. Wanda ke bakin gaɓa kuma kada ya yi tsalle ya bi shi in bai iya ruwa ba, ya miƙa gora ko ya jefa jarka a rufe. Babbar riga da dogon hijabi in sun jiƙe nauyi gare su, suna kuma naɗe ƙafa, saboda haka a ɗaura rigar kariya a samansu, a tsuke ta sosai, kuma ta yaro daban take da ta babba. Ba a tafiya bayan la'asar sakaliya, ba a tafiya in hadari ya haɗo. Watannin Agusta da Satumba a bar wa kogi kayansa. Daga ƙarshen Oktoba, ruwa ya lafa, sanyi bai kankama ba, nan ne lokaci.

Akwai wurare biyu da muke so mu ja kunne a kansu ƙwarai. Na farko hanyoyin ban-ruwa kansu. A ido sun fi kogi kyau, miƙaƙƙu, ruwansu garai-garai, amma su ne mafi haɗari. Inda aka daɓe gefensu da siminti gansakuka kan sa shi santsi, wanda ya faɗa ba shi da abin kamawa, a gabansa kuma akwai ƙofofi da bututun da ke zuƙe ruwa ta ƙarƙashin hanya. Ba wurin jirgi ba ne, ba wurin ninƙaya ba ne. Na biyu ramukan da masu ɗibar yashi ke bari a cikin kogi, inda mutum na tafiya ruwa iya gwiwa sai ya ji babu ƙasa. Waɗannan ramuka suna sauya wuri kowace shekara, shi ya sa taswirar ofis ba za ta maye gurbin Sarkin Ruwa ba.

Saura tsargiya. Masu karatun likita a cikinmu sun fi mu bayani, amma a taƙaice ƙwayar cutar tana girma a jikin wata ƙaramar katantanwa da ke son ruwa mai kwanciya da ciyayi, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga, bayan wani lokaci a ga jini a fitsari. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Duk inda aka yi babban aikin ban-ruwa a Afirka cutar kan bi shi, namu ma bai tsira ba, har a wasu ƙauyuka ana ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro. Wannan kuskure ne, cuta ce, kuma tana da magani, Praziquantel. Don haka yawon da muke nufi na cikin jirgi ne, ba na wanka ba, kuma wajen hawa da sauka a yi shi a kan dakali ko katako, ba cikin ciyawa ba.

Wata ƙila manomi ya ce, mu muna rigima kan ruwan da bai isa gonakin ƙarshen layi ba, ku kuna zancen shaƙatawa. Yana da gaskiyarsa, haka ma mutanen Haɗeja da Nguru, waɗanda fadamunsu suka ragu bayan an yi madatsun, kacala kuma ta toshe musu hanyoyin ruwa. Amsarmu ita ce jirgi ba ya shan ruwa, a kansa yake wucewa. Ba mu neman a buɗe ƙofar Tiga don masu yawo ko na awa ɗaya. Abin da muke nema a sanar da ranakun da za a saki ruwa, a rediyo da kuma ta hannun masu unguwanni, kuma wannan sanarwa manomin bakin kogi da mai wanki sun fi ɗan yawo bukatarta. Kuɗin da za a samu kuwa ya tsaya a garin: matuƙi ɗan garin, mai abinci 'yar garin, in iyali sun so a keɓe wa mata jirginsu a keɓe.

Abin da muke roƙon wannan ƙungiya ba sayen jirgi ba ne, ba mu kai nan ba. Muna roƙon a naɗa ɗalibai kaɗan, a sa mai karatun labarin ƙasa da mai karatun likita da 'yan asalin Kura da Bunkure, su je cikin hutun nan su gaida hakimai da dagatai, su zauna da sarakunan ruwa, su bi gaɓa da ƙafa daga ƙasan Tiga zuwa Tamburawa, su rubuta inda ruwa ke ɗaukar jirgi da inda yashi ya cinye shi, da ramuka, da mashigai. Su ƙirga kwalekwale nawa ke tsallakar da mutane a wannan tsakani, da nawa ne a cikinsu ke da rigar kariya ko guda ɗaya. Abin da suka samo a buga shi a wannan mujalla, a aika da kofe ga Hukumar Raya Kogunan da kuma ƙananan hukumomin Bebeji da Kura da Bunkure da Garun Malam.

Malam Shugaba, lokacin da aka ɗibar mana ya cika. Masu tambaya, bisimilla.