Jawabi Game Da Dokokin Ajiye Da Safarar Abinci Mai Ƙanƙara

Jama'a, kifin ƙanƙara da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Apapa yakan yi tafiyar wajen kilomita 1,000 kafin ya isa kasuwannin Kano. A cikin wannan doguwar tafiya ne yakan lalace, shi ya sa hukuma ta sa ido a kansa.

Dokar Abinci da Magunguna mai lamba 35 ta shekarar 1974 ta haramta sayar da abincin da ya ruɓe, ko wanda aka ajiye cikin ƙazanta. A shekarar 1993 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NAFDAC bisa doka mai lamba 15, ta ba ta ikon binciken wuraren ajiya da kame kayan da ba su dace a ci ba. Daskararrun kaji daga ƙasashen waje kuwa suna cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, Hukumar Kwastan ce ke tsare su.

Ƙa'idar da ƙasashen duniya suka amince da ita ita ce sanyin daskararren abinci ya kai awo 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos, a ɗakin sanyi ne ko a cikin mota. Dalili kuwa shi ne sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, barci kawai yake sa su. Da zarar ƙanƙara ta narke sai su farka su hayayyafa. Kifi irin su taitus, idan ya sha zafi, yakan tara wani dafi wanda suya ko dahuwa ba ta kawar da shi.

Saboda haka wajibi ne mai ɗakin sanyi ya tanadi janareta da ma'aunin zafi, yana rubuta abin da ya nuna kullum. Direba kada ya kashe injin sanyi a hanya don tsimin mai. Kayan da suka narke kada a mayar da su firji a sayar tamkar sababbi.

Mai saye kuma ya duba da kyau. Kwalin da ya jiƙe, ko kifin da ya yi laushi ko wari, a bar shi, a sanar da duba-gari ko ofishin NAFDAC mafi kusa. Asarar kwali ɗaya ta fi sauƙi a kan jinyar gida guda. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.