Damina Ta Allah Ce, Gatari Namu Ne

Jama'ar Birnin Ƙonni, ƴan kasuwa da ma'aikata.

Daminarmu wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwanta kusan milimita 500 a shekara. Sauran watannin kuwa, gawo da aduwa da magarya ke riƙe mana ƙasa. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa, gatari ya bi sauran.

Kada mu ɗora wa ƙarancin ruwa laifin duka. Ku dubi Haiti, ƙasar da ke kan tsibiri: ruwan samanta ya ninka namu, amma an sare dajinta domin gawayi. Da ambaliya ta sauko daga tsaunuka a 2004, sama da mutum 2,000 suka halaka a birnin Gonayib.

Magani yana kusa da mu. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya domin tare iska. A Ilela, manoma sun raya fako da ramukan tassa.

Kowace ranar 3 ga Agusta hukuma tana dasa itace. To, wa ke kare shi daga awaki idan rani ya zo? Kai mai lodin icce, da kai mai sa hannu a takardar sara, amsar tana wurinku.